Tarin Motata a Ƙofar Gida

Shekarar da na sayi tsohuwar kat-kat ɗina, irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu, burina ɗaya ne, in shiga ayarin motocin da ke kai kaya Tchibarakaten wurin masu haƙar zinariya. Wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwarmu ya yi mini alkawarin lodin farko: shinkafa, makaroni, sukari da jarkunan man girki. Sharaɗinsa guda ne, kuma ban ga laifinsa ba. Ba zai ɗora kayansa a motar da ba ta da lafiya ba, don a waccan hanya in mota ta mutu babu garaj, babu ko inuwa. Saura mako uku a tashi, sanyi ya sauko Agadez, motata ta tsiri rashin mutunci.

Da safe in na murɗa kile, makullin motar, moter zai tashi kam, amma ralanti, wato gurnanin da yake yi shi kaɗai in ba ka taka komai ba, sai ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, har motar ta kama makyarkyata, madubi na rawa. In na ɗage ƙafa ta mutu. Sai na tayar sau uku ko huɗu, haushi ya kama ni na take akselerater har ƙasa, in ji wani "fam!" daga baya. Shi ke nan ta warware, ta wuni tana gudu lafiya lau.

Duk wannan a gaban mahaifina ake yi. Shi tsohon madugu ne, ya yi shekarunsa yana kai raƙuma Bilma da Fachi ɗaukar gishiri da dabino, har ƙafa ta gaza ya sayar da na ƙarshe ya dawo gidana. Kullum da safe yana kan tabarmarsa a ƙofar gida, naɗe da rawani, yana kallona ina kokawa da mota yana girgiza kai. Na ɗauka raini ne irin na masu raƙuma, don tun da na sayo ta bai taɓa kiranta mota ba, sai dai "dabbar nan taka".

Abin takaici, Alhaji ta layinmu yake bi zuwa kantinsa. Rana ta uku ya tsaya, ya gaida Baba, ya saurari motar har ta yi fam ɗinta. Ya ce mini, "Wagga da ke tari cikin gari, mi za ta yi in ta kwana a hamadar Tenere?" Bai jira amsa ba ya wuce. Ni kuwa na san akwai mutum biyu da ke zawarcin lodin nan.

Na kai ta wurin mai garaj ɗinmu, dattijo mai ji da kansa, wanda ke dafa bakin turnabis, abin kwance sukuru, a jikin moter ya kara kunnensa a ƙota, ya rufe ido kamar mai sauraren wa'azi. Matsalar ita ce kafin in isa garaj motar ta riga ta warke. Ya saurara, ya saurara, ya ce, "Ni dai ban ji komi ba, amma bujinka ne." Muka sauya buji. Kashegari ta yi tari. Ya ce iska ce ba ta isa, muka sauya filtir, matatar iska. Ta yi tari. Ya kwance karbirater ya wanke shi ƙal, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya yana neman inda iska ke sata ta shiga, ya zagi esans, wato fetur, na kwalba da nake saya a bakin hanya har da masu sayar da shi. Na zubar da shi na sha na gidan mai. Ta yi tari.

Da abin ya ishe shi sai ya ɗaure sukurun ralanti ya ɗaga shi sama. Wannan gyara ya ba ni mota mai hali biyu. Da safe tana nan tana tarinta, da rana kuwa in na tsaya a mararraba sai ta dinga ruri, masu babur suna waiwayowa suna tambayata ko lafiya.

A ƙarshe ya ce in bar masa ita ta kwana a garaj, ya ga ciwon da idonsa. Da sassafe na je, sanyi na cizon yatsu, ya murɗa kile sau ɗaya. Ta tashi sumul, ralanti daidai, ko tari ɗaya babu. Ya dube ni, ya dubi motar, ya goge hannu. Ya ce, "Patron, motarka lafiyarta lau. Gidanka ne ba ta so. Wanga aiki ba na makanike ba ne, nemi malam."

Na dawo da ita gida raina a ɓace. Saura kwana huɗu tafiya. Don kada Alhaji ya sake jin ta a bakin hanya, sai na juya ta na ajiye, bayanta na kallon rumfar maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai tuyar ƙosai. Da safe aka koma gidan jiya: makyarkyata, mutuwa, haushi, fam! Sai dai wannan karon fam ɗin ya zo da ihu.

Na fito da gudu. Dattijuwa na tsaye da matsami a hannu, ta tsamo wani baƙin tsumma daga cikin kaskon mai, masu jiran ƙosai sun watse gefe. Ta ce, "Kai ɗan nan, haƙurina ya ƙare! Kullum motarka sai ta harbo wanga tsumma cikin layi, tsoho ya lallaɓa ya ɗauke in ka tafi, ban ce komi ba. Yau kuma cikin maina?"

Na dubi tsumman, na dubi bututun hayaƙin motar, na juya na dubi Baba. Bai ko sunkuyar da kai ba. Ashe kullum bayan la'asar, in na ajiye mota na shiga cikin gida, sai ya tashi ya kewaye ta, ya toshe bututun da guntun tsohon rawaninsa, kada sanyi da kunama su shige mata ciki.

Allah ya yafe mini, na ɗaga masa murya a gaban mutane. Na ce, "Baba, kun kusa raba ni da lodin Alhaji! Mi ya sa ba ku gaya mini ba?"

Ya ce, "In gaya maka mi? A ayari wanda ya ɗaure dabba da yamma ba shi ke kwance ta da safe ba. Mai hawa shi ke kewaya abin hawansa kafin ya hau. Kullum ina kallonka kana faɗawa ciki ko bayanta ba ka leƙa ba, ina cewa yau zai duba, yau zai duba." Sa'an nan ya ce, "To, na bari."

Da hantsi Alhaji ya same ni a garaj, inda na je a mayar da ralanti wurinsa. Labari ya riga ni isa, amma rabinsa. Ya ce ba lodi sai ya ji ainihin abin da ya faru, kuma wa ya sa tsumma. Na tuna yadda garin nan yake, kafin azahar za a kai tsohon madugu bakin kowane mai shayi. Sai na ce ni ne nake toshewa, in manta. Mai garaj ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Alhaji ya ce gara shashashan shofer, wato direba, da mota mai ciwo, tunda shi ana iya tuna masa. Ya ba ni lodin. Har yau in na shiga garaj ɗin sai wani ya tambaye ni ko na cire.

Ranar da yamma na ajiye mota na laɓe a zaure. Baba na kan tabarmarsa, la'asar ta yi ta wuce, bai tashi ba. Yana kallon motar, hannuwansa a kan gwiwa, ba abin yi. Kunya da tausayi suka rufe ni, don sai a lokacin na gane dabbar da ta rage masa ke nan a duniya. Na shiga ɗaki na yago gefen rawanina na kawo masa, na ce, "Baba, sanyi ya fara sauka."

Ya juya ƙyallen a hannunsa, ya ja shi, ya ce, "Wanga ya yi shara-shara. Kai ko tsumma ba ka iya zaɓe ba." Sa'an nan ya miƙo mini hannu in tashe shi.