Koriyar Rigar da Ba a Saya Ba

Na daɗe ban yarda da al'adar nan ta Amurkawa ba, ta ɗaukar yaro a zaga da shi makarantu kafin ya zaɓi wadda zai shiga. Ni da na je ƙasar karatu, ban taɓa ganin ƙofar kwalejinmu ba sai ranar da na sauke akwatina a bakinta, kuma ba abin da ya same ni. Me yawon safiya ɗaya zai nuna wa mutum? Ciyawa da aka aske, da ɗakin kwana guda da aka share saboda baƙi. Har yau ban tabbata makaranta ake ganowa a wannan zagaye ba. Amma tun da na zauna a gidan Glenda Tackett na daina cewa ba a yanke komai a cikinsa.

Glenda direbar motar 'yan makaranta ce a wani ƙaramin gari na kudancin Ohio, kusa da kogi. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, muryarta tana kaiwa kujerar ƙarshe ba tare da ta waiwaya ba. Ta yi ta kwasar 'ya'yan garin da safe tana maido su da yamma, har ta soma ɗaukar 'ya'yan waɗanda ta ɗauka a da. Abin alfaharinta guda ne: ba ta taɓa barin ɗan kowa a hanya ba. Mijinta ya tafi Texas neman aiki tun 'yarsu Shelby tana rarrafe. Ya samu aikin, ya kuma samu wata matar. Daga nan gidan ya zama na mutum biyu da kare.

Ita kanta Glenda ta so karatun jinya, har wata makaranta a Columbus ta ɗauke ta da ta gama sakandare. Mahaifinta bai hana ta ba, bai ko ɗaga murya ba. Yana zaune a baranda yana warware zaren fatsa ya ce, "To, wa zai duba mamanki?" Iyakar maganar ke nan. Ta zauna. Ta yi jinyar uwar, ta yi jinyar uban, ta binne su duka biyun, ko da ta ɗago kai karatu ya wuce ta. Ba ta taɓa aibata tsohon ba. Sai dai ta yi wa kanta alkawari cewa ranar da tata 'yar za ta zaɓi makaranta, ko tari ba za ta ji daga bakinta ba.

Da ya rage wa Shelby shekara ta gama sakandare, aka tara iyaye a ɗakin taro. Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta ce hutun bazara shi ne lokacin zagaye, sannan ta ja musu kunne. "Ku tuƙa mota, ku sayi abinci, ku kama bakinku. Zaɓi na yaro ne. In kuka nuna inda kuka karkata, ko ya bi ku ya riƙe ku a zuciya, ko ya guje muku don ya nuna ya girma." Glenda ta gyaɗa kai har wuyanta ya gaji.

Ta kai motarta wurin wanta Virgil, bakanike, ya duba kafin tafiya.

"Ke da kike wa 'ya'yan mutane tsawa tun sassafe, ke ce za ki yi shiru har Minnesota?" ya ce daga ƙarƙashin mota.

"Birki na ce ka duba, Virgil, ba bakina ba."

"Ga kwalejin Ashgrove nan a bayan gida. Ki ce mata ta shiga can, ta riƙa zuwa cin wake da burodin masara ranar Lahadi. Me ya yi zafi?"

"Haka Baba ya yi mini."

"Baba tambaya kawai ya yi."

"Na sani. Ina wurin."

Da Ashgrove ɗin suka fara, tunda ita ce kusa. Ƙaramar kwaleji ce ta jan bulo a kan tudu, Glenda tana wuce ƙofarta kullum da mota cike da yara, amma ba ta taɓa shiga ba. Wani ɗalibi mai dogon wuya ya ja ayarin iyaye da 'ya'yansu, yana tafiya da baya-baya yana zuba bayani. Shelby, wadda a kowane taro takan maƙale a baya, sai ga ta a sahun gaba. Yarinya ce da ta tashi a bakin kogi tana juya duwatsu don ta ga abin da ke ƙarƙashi. Da aka zo ginin nazarin halittu ta ɓalle daga ayarin. Glenda ta same ta can ciki tare da wata malama mai takalmin roba har gwiwa, sun sunkuya kan wata kwatarniyar gilashi, malamar tana nuna mata ƙananan halittun da suka kwaso daga kogin garinsu. Shelby tana magana da hannu biyu, kumatunta sun yi ja.

Wani daɗi ya taso wa Glenda har maƙogwaro. Ta ga Lahadi, ta ga tukunyar wake, ta ga kayan wanki a bayan mota. Nan take kuma daɗin ya ba ta tsoro.

Kowane zagaye a kantin makaranta yake ƙarewa, wurin rigunan sanyi masu sunan kwalejin a ƙirji. Kowa ya san ba a sayen rigar wurin da zuciya ba ta kwanta ba, domin ita ɗalibi zai sa ranar da 'yan ajin ƙarshe suke bayyana inda kowa ya nufa. Shelby ta zaro koriya ta Ashgrove ta zura a kan rigarta. Ta dubi madubi, sannan ta juyo.

"Mama, ya kika gani?"

Glenda ta dube ta. Ta ji idan ta ce ta yi kyau, daidai yake da ta zauna a baranda tana warware zaren fatsa.

"Koren nan ya sa kin yi kama da marar lafiya," ta ce. "Kuma saurin me kike yi? Da sauran wurare a gaba."

Shelby ta cire rigar, ta ninke ta da kyau, ta mayar inda ta ɗauko. A mota Glenda ta ƙara da cewa ɗakunan kwanan ƙanana ne, kuma ta ji warin danshi.

Ta biyu wata babbar jami'a ce a Indiana, gari guda a kanta. Suka yi ta zagayen neman wurin ajiye mota, da suka samu Shelby ta ƙi fitowa.

"Mun ƙetare jiha sukutum, ba za ki ko taka ƙasar ba?"

"Ban ji wurin a raina ba."

"Ta gilashi kike ji?"

"Mama, dubi yadda suke tafiya. Kamar an biyo su."

Suka yi dariya, suka ci soyayyen dankali a cikin mota, suka kama hanyar arewa. Wannan ce dariyar ƙarshe da Glenda take iya tunawa a tafiyar.

Ta uku, Tamarack, tana can ƙurewar Minnesota a bakin wani tafki. Sun baro gida itatuwa suna toho, suka tarar da ƙanƙara jibge a gefen titi, tafkin kuwa ya daskare har mutane suna yawo a kansa. Tun daga ƙofa Glenda ta tsani wurin. Ta tsani nisansa, ta tsani farin samansa. Kuma saboda ta tsane shi, sai ta ga wajibi ne ta yi masa adalci. Ta yabi laburare. Ta yabi ɗakin cin abinci. Ta tambayi 'yar rakiyar tasu abubuwa har wata uwa ta juyo ta dube ta. Shelby tana bin ayarin a baya, hannu cikin aljihu, sanye da 'yar rigar sama marar kauri da ta baro Ohio da ita. Leɓɓanta sun soma canja launi.

Glenda ba ta iya ganin yaro yana rawar ɗari. A motarta ta aiki ma tana da buhun safar hannu da huluna saboda 'ya'yan da iyayensu suka manta. Da ayarin ya zo daidai kanti, ta kutsa ciki, ta ɗauki riga mafi kauri da ta gani, shuɗiya, ta biya, ta fito ta miƙa.

"Sa wannan kafin ki sandare."

Shelby ta warware ta. Sunan Tamarack ya bayyana da manyan fararen baƙaƙe.

"Wannan kika saya mini?"

"Sanyi kike ji."

"To. Na gode, Mama."

Sai da Glenda ta ga fuskar yarinyar ta tuna abin da rigar take nufi. Ta buɗe baki ta warware, sai ta ga ba yadda za ta ce ba nan take so ba, ba tare da ta faɗi inda take so ba. Ta rufe bakin.

Ashgrove da Tamarack duk sun ɗauki Shelby. Ranar bayyana zaɓi ta sauko daga bene da shuɗiyar riga. Glenda ta rungume ta, ta manna tambarin Tamarack a gilashin bayan mota kamar yadda iyaye suke yi, ƙarshen Agusta kuma ta tuƙa ta har can, ta shimfiɗa mata gado, ta juyo ita kaɗai.

Gidan ya yi mata shiru. Kare ya koma kwana a ƙofar ɗakin Shelby. Kafin ganye ya gama zuba, Glenda ta aika Ashgrove cewa tana da ɗaki ga ɗalibin da ke nema, don dai ta riƙa jin takun mutum a sama. Wata yarinya 'yar Koriya ta shigo. Kayan Shelby suka koma cikin kwalaye a ɗakin ƙasa. Kullum Glenda tana niyyar faɗa mata a waya, kullum sai hirar ta ƙare a kan sanyi da abinci.

Shelby ta zo bikin godiya na Nuwamba. Virgil ne ya ɗauko ta daga filin jirgi. Ta hau bene da jakarta, ba ta daɗe ba ta sauko da ita. Glenda tana yanka talotalo.

"Ko hucewa gadon bai yi ba, Mama."

"Gidan ne ya yi mini girma, Shel. Na so in gaya miki."

"Ai kin gaya mini tun a kanti. Ni Ashgrove na so. Na sa rigar na tsaya a gabanki kamar wawuya, ina jira ki ce in zauna. Kika ce na yi kama da marar lafiya. Muka je ƙarshen duniya kika sayo mini tasu da hannunki."

"Sanyi kike ji!"

"Har laburarensu kika yaba. Ke da rabonki da laburare tun ina firamare."

"A miƙo mini naman nan kafin a soma jifa da shi," in ji Virgil. Ba wanda ya dube shi.

"So na yi ki zaɓa da kanki," Glenda ta ce.

"Na zaɓa. Kina kallo na ninke ta na mayar."

Ana iya sauya makaranta bayan shekarar farko, Glenda ta sani. Kalmar tana kan harshenta: dawo. Virgil ma ya ajiye cokali yana jira. Amma ta ga yarinyar ta riga ta yi ƙawaye a can, ta ga malaman da take ambata, ta ga kanta tana janyo ta gida da kalma guda kamar yadda aka yi mata.

"In kin saba za ki so wurin," ta ce.

Shelby ta kwana a doguwar kujerar falo, ta koma tun hutun bai ƙare ba.

Ta saba ɗin kuwa. Ta gama Tamarack, ta samu aikin binciken ruwan tafkuna a can, ta auri ɗan can. 'Ya'yanta suna jan magana irin ta mutanen arewa, Virgil yana kwaikwayonsu. Ita Shelby ba gaba suke yi da uwar ba. Suna waya ranar Lahadi, gajeriya, ana tambayar lafiyar gwiwa da yanayin gari. Shekarar da ta samu hali takan zo, ta sauka a masauki na bakin babbar hanya, wai don kada yara su takura wa mai haya.

Ni ba ni na fara kama ɗakin ba, an yi wasu kafin ni. Labarin ma a gutsuttsure na same shi, wani daga bakin Glenda, wani daga bakin Virgil. Lokacin da na san ta gashinta ya yi fari, tambarin Tamarack ya koɗe a jikin gilashi, tana nan tana tuƙi. Duk bazara idan ta zo wucewa ta ƙofar Ashgrove takan ga ayarin iyaye da 'ya'yansu suna bin mai tafiya da baya-baya. Ta ce mini wani lokaci takan ji kamar ta danna musu oda.

Wata Lahadi da rana, bayan ta ajiye waya, muna zaune a baranda da kofi, na tambaye ta: da za a mayar da ita cikin kantin nan na Ashgrove, Shelby tana tsaye da rigar a jikinta, za ta ce mata ta zauna?

Ta daɗe tana juya kofin a hannunta.

"A'a. An faɗa mini irinta, na san nauyinta. Ba zan ɗora wa kowa ba." Ta kurɓi kofin. "Amma da ban yi ƙarya a kan rigar ba. Koren ya karɓe ta. Ban taɓa ganin kayan da ya karɓe ta kamarsa ba."