Bakin Tulun Inna

Lokacin zafi ne, irin zafin Dubai da ko taga ka buɗe sai ka ji kamar an kwara maka tururin tukunya a fuska, shekarar kuma ita ce ta biyu da shigowar korona, ta yi min tsawo kamar ba za ta ƙare ba. 'Yan uwa, ni ba mai dogon karatu ba ce, yaƙi da jahilci na yi, amma wallahi abin da zan rubuta muku ni ya faru da ni.

Na zo unguwar Abu Hail ne jegon 'yata Bilki, da niyyar wata uku. Ranar da zan baro ƙauye na shiga sallama da Inna, mahaifiyata, na tarar da ita tana ginin tulu, don sana'arta ke nan tun tasowarmu. Tun ina yarinya in ta gama gini ni take bari in shafe bakin da jiƙaƙƙen ganyen mangwaro, wai hannuna ya fi nata sanyi, ko da yake ƙaramin yatsana a karkace yake, kullum sai ya bar ɗan layi a yumɓun. Ba ta faɗin sunana, ni ce 'yar fari. Ta ce, "Ke wannan, naki ne fa, an ce ruwan can roba yake wari. Zo ki shafe min bakin."

Na dubi lallena, na dubi sabuwar atamfata, ga mota tana ta ham a waje. Na ce, "Inna, in na dawo."

Ta ce, "To, yana jiranki."

Korona ta zo, aka rufe hanyar komawa gida. Inna ta rasu ina nan hawa na huɗu, ko gawarta ban gani ba. Ƙanwata Talatu ta ce tulun yana ƙuryar ɗakin Inna, ya bushe ƙamas da bakinsa a gantsare, ba wadda ta iya taɓa shi. Tun daga nan ban ƙara jin daɗin ruwa ba, kullum tambayar da ke cina ita ce ko Inna ta tafi da wannan a ranta.

Da mijin Bilki ya samu hutu sai ya ce, "Mama, yalla, tashi, Zanziba za mu, ki sha iska." Bilki ta ce, "In kin ƙi, khalas, shi ke nan, ɗaukarki za mu yi." Na bi su don kada in ɓata musu.

Ranar Alhamis da hantsi mai yi mana jagora ya kai mu wani ƙauye na masu ginin tukwane, cikin bishiyoyin kwakwa, ana jin gishirin teku a iska. Tun kafin mu sauka ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu ya buge ni, kai, sai da na dafa ƙofar mota. Su Bilki suka tsaya hoto wurin matan da ke gaba, ni kuwa ƙafata ta ja ni bayan rumfa, inda wata tsohuwa take zagaya tulu da baya da baya. Ba ta yi kama da Inna ba ko kaɗan, gajeriya ce, ga zanenta irin nasu mai rubutu a ƙasa. Ba ta ma ɗago ba, ta tsoma ganye a ruwa ta miƙo min ta gefe, daidai yadda Inna take yi.

Abaya ce sabuwa a jikina rannan ma, sai da na dube ta, Allah Ya yafe min. Sannan na durƙusa a cikin taɓon na karɓa. Shekara da shekaru rabona da yi, amma hannuna bai manta ba, na zagaya sau uku bakin ya kwanta sumul, ga ɗan layin yatsana. Tsohuwar ta faɗi wata magana da yarensu. Jagoran, da ya biyo ni, ya faɗa wa Bilki da Turanci, ita kuma ta juyo tana dariya, "Mama, wai kin daɗe, saura kaɗan ya bushe."

Na ce a tambaye ta ko ta san ni, amma ta riga ta ɗauki tulunta ta shige ɗaki, matan suka ce dama ba ta cika magana da baƙi ba.

Kwana biyu da komawarmu Abu Hail, bayan la'asar, Talatu ta kira. "Yaya, tsakaninki da Allah, kin aiko wani ya taɓa tulun nan?"

Na ce, "Wa zan aiko?"

Ta ce ranar Alhamis ta shiga shara ta tarar bakinsa a shafe, da danshi, alhali makullin yana wuyanta, kuma yumɓun da ya shekara a bushe ba ya karɓar hannu. Ta turo hoto. Bilki ta buɗe min shi da yatsu, ga layin nan ya zagaye bakin. Ta dubi hannuna, ba ta ƙara dariya ba.

Ban san mene ne ba, ban kuma je wurin kowa neman fassara ba, Allah ne Masani. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, amma ba tsoro kaɗai ba ne, har da kewa. Abin da zan ce muku, wanda uwarsa ke raye, in ta ce zo ka riƙe min, ka riƙe, kaya dai wanke su ake yi.

Washegari da na idar da sallar asuba na yi wa Inna addu'a, na ninke abayar nan da taɓonta na sa a ƙasan akwati. Da gari ya waye na kira Talatu na ce ta kai tulun wurin matan unguwa a gasa shi tare da nasu, ta cika shi da ruwan rijiyar gida ta rufe da faifai. Ta ce, "Sai yaushe, Yaya?"

Na ce, "Jirgin farko da na samu."