Baƙuwar da Aka Ara wa Sunan Kainuwa

Mu a ƙauyenmu na bakin tafki, can wajen Wara, a gindin banda ake tatsuniya. In an idar da isha'i, kifin da maza suka kawo yana kan wuta yana tsiyayar mai, Kaka ce mai tsaro. Mu jikoki sai mu kewaye ta da sunan taya aiki, alhali kowa ya san ƙananan da suka ƙone muke fako. Har yau in na ji hayaƙin kifi sai kewarta ta kama ni.

Kaka ba 'yar tudu ba ce. A gungu aka haife ta, tsibirin da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogi, aka kwaso su aka zube a sababbin gidaje. Abu ɗaya ta baro can wanda ba ya kwasuwa: jaririyarta ta fari, wadda ta rasu kafin ranar suna. A al'adarsu ta lokacin, wanda bai kai suna ba ba a raɗa masa, don haka aka binne ta a gindin wani dutse ba suna. Duk shekara in ruwa ya ja baya kan dutsen yakan leƙo, sai Baba ya kai Kaka a kwalekwale. Ta dafa dutsen, sannan su juyo. Ko ni da bakina ba ya hutawa ban taɓa tsokanarta a kan wannan tafiya ba.

A shekarun da aka yanke mana jihar Kebbi ne wata ciyawa ta fara gangarowa kan ruwa. Ganyenta kore shar, wuyanta a kumbure, furenta shunayya mai ɗigon rawaya, kyakkyawa har 'yan mata na soka ta a kitso. Masunta suka ga ba ta da saiwa a ƙasa, sai kawai suka ce kainuwa ce. To, kainuwar da muka sani ƙarama ce, ganyenta bai wuce tafin hannu ba, agwagi su ci, yara su yi wasa da ita, ba ta taɓa hana kowa wucewa ba. Kaka ta ƙi wannan suna ƙememe. Baƙuwa take ce mata. In wani ya ce kainuwa a gabanta sai ta haɗe rai, mu kuwa don neman magana mu yi ta faɗa.

Ranar da na zo gindin banda da furen a kaina, ba ta yi mini faɗa ba. Ta zare shi ta jefa wuta, ta ce mu gyara zama, ga wata tatsuniya nan ta taso daga ruwa. Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai wata mata ce a wani gungu, tana da 'ya ɗaya mai suna Kainuwa. Wata rana da almuru ta je wanke ƙwarya, sai ta ga yarinya zaune a kan ruwa, da zane shunayya, tana kallonta. Yarinyar ta ce, Inna, ba ni suna. Matar ta san abin da tsofaffi ke faɗa, cewa abin ruwa in ba shi da suna wucewa yake yi, in an ba shi kuwa ya samu wurin zama. Amma tausayi ya kama ta, kuma ba sunan da ya zo bakinta sai na 'yarta. Ta ce ta ara mata zuwa safe. Da safe ta kira Kainuwa, murya biyu suka amsa, ɗaya daga ɗaka, ɗaya daga bakin ruwa. Washegari huɗu suka amsa. Kafin wata ya ƙare, in ta yi kira duk gaɓar kogin ke amsawa, jirage suka kasa fita. Ran nan 'yar tata ta je ɗebo ruwa ba ta dawo ba. Uwar ta tsaya a gaɓa tana kira, ana ta amsa mata ta ko'ina, ta rasa wace murya za ta bi.

Ƙanena ya tambaya ko an gano yarinyar. Kaka ta juya kifi, ta ce, "Wa za ya gane ta? Suna guda anka ba su duka. Ku dai in kun ga abin da ba ku sani ba bisa ruwa, ku bar shi shi wuce." A daren nan ban yarda na kwana kusa da ƙofa ba.

Da ruwa ya ja baya a shekarar, baƙuwar ta riga ta rufe mashigar da ake bi zuwa dutsen. Baba ya ce a haƙura, macizai na kwana a ciki. Kaka ta ce ko ita kaɗai za ta tuƙa. Dole ya ɗauki adda, ni kuma na bi su don kwalfe ruwa. Yana sara tana haɗewa a bayanmu, har hannunsa ya yi kanta. Muna hango kan dutsen, baƙi, ga shi nan kamar a miƙa hannu, amma kwalekwale ya ƙi gaba. Furanni sun kewaye mu ta ko'ina, ba motsin komai.

Baba ya juya baya yana neman hanyar fita. Ni ce kusa da Kaka. Na ga ta sunkuya, ta tallafo fure ɗaya a tafinta ba tare da ta tsinke shi ba, ta kira shi da wani suna a hankali. Sunan mace ne, da yarensu na gungu, ban taɓa jin mai shi ba. Ta saurara. Sannan ta saki furen ta ce, "A maishe ni gida." Ba ta sake neman a kai ta ba har ta rasu.

Na daɗe ina zaton mu take gargaɗi da tatsuniyar nan. Sai da na haihu, na kwana ina juya sunan da zan so a raɗa wa 'yata tun ba a yanka rago ba, sannan na gane. Ba uwar da ke jiran ranar suna da ba ta riga ta kira sunan a zuci ba. Kaka ta riƙe sunan jaririyarta shekara da shekaru ba inda za ta sauke shi, kuma matar cikin tatsuniyar ba wata ba ce, kanta take ja wa kunne. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Yanzu kowa kainuwa yake cewa, 'ya'yana ma ba su san ƙaramar ba. Ni dai ba na iya faɗa. Wancan sunan kuwa ni kaɗai na ji shi, ko Baba bai sani ba. Nakan je gida in tsaya a gaɓa yana bakina, amma ban taɓa furta shi ba, don ina tsoron a amsa.