Kunnuwan Direban Jirgi

Shekara arba'in da ɗoriya Maizarto ya yi yana yanka katako, kuma a duk tsawon shekarun nan babu abin da yake taƙama da shi kamar kunnensa. Yana zaune a bakin shago da kofin shayi zai ɗaga hannu ya ce a kashe inji, haƙoran zarto sun dakushe. A kashe, a duba, a tarar haka ne. Ɗanyen katako da busasshe, daga kukan injin yake rarrabe su ba sai ya waiwaya ba.

"Kafinta da kunne yake aiki," in ji shi. "Ido ai na mai saye ne."

Shagon nasu ne su biyu, shi da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara shida ke tsakaninsu. Tun ranar da suka kafa babban injin yanka da na goge katako ƙanen nan ya fara mita, wai in ya koma gida kunnensa ƙugi yake yi kamar an zuba masa gyare a ciki. Ya fara da auduga, ta riƙa faɗowa cikin garin katako. Ya koma wani ɗan soso da ake murzawa a tura cikin kunne, sai ƙaiƙayi ya dame shi, ga hannun kafinta ba ya rabuwa da datti. Ya gwada na roba mai igiya, ya ce kamar ana masa allura. Daga nan ya shiga neman irin wanda ake kifawa a kan kunnuwa, mai kama da kofi biyu da aka haɗa da baka. Na farko ya matse masa ƙafar tabarau a jikin ƙashi har wurin ya yi ja. Na biyu ya yi nauyi, ga zufa. Sai a na uku ya dace, mara nauyi, bakinsa da laushi, ya rufe kunnen ruf bai bar kafa ba. Matarsa ta ɗinka wa marufin kunnen riga ta yadin auduga saboda gumi, duk mako sai ya cire ya wanke. Ya buga ƙusa ta musamman a bango, nan yake rataye shi.

Wayyo, dariyar da Maizarto ya yi! Shi ya raɗa masa suna Direban Jirgi, sunan kuwa ya bi shi har masu kawo katako ba su san wani ba. In baƙo ya shigo sai ya nuna shi da haɓa ya ce, "Ku yi haƙuri, yanzu zai tashi sama, ku matsa kada iska ta kwashe ku." Direban Jirgi ba ya tankawa, mutum ne mai sanyin hali. Sau ɗaya kawai ya ce, "Yaya, kunne fa ba a sayar da shi a kasuwa." Yayan ya ce shi nasa na gado ne, ba ya lalacewa.

An ce wanda bai ji bari ba zai ji hoho. To shi Maizarto, da lokaci ya yi, hohon ma sai an ɗaga murya. Abin bai zo masa rana ɗaya ba. Da farko ya lura mutanen zamani sun daina buɗe baki in suna magana. Daga baya rediyonsa ta lalace, ya sayi wata, ita ma ta zo da ciwon ta farkon. Mai ɗakinsa ta ce, "Malam, sau uku na kira ka," ya ce ai ita ce muryarta ta tsufa. Ya koyi kallon leɓe, ya kuma tanadi amsoshi uku da yake juyawa duk inda zance ya kuɓuce masa: "To," da "Iye?" da "Madalla." Da su ya yi shekaru yana rufa wa kansa asiri, ko kuwa yana zaton yana rufawa.

Da a nan abin ya tsaya, da ya mutu bai amsa laifi ba. Sai Allah ya ba ɗansa na fari, wanda ke aiki tare da su, 'ya mace. Tsohon ba ya kiranta da komai sai Jikalle. Shi ya yi mata gado, shi ya yi mata kujera mai ƙafa huɗu da bai taɓa yi wa wani mai saye irinta ba, ya goge ta da hannu har tana sheƙi. Da ta kai shekara biyar, kullum da yamma in an kashe injuna uwarta kan kawo ta shago ta jira babanta.

Ita kuwa Jikalle Allah ya yi ta da son raɗa. Komai a wurinta asiri ne. Ta ga ƙadangare, asiri. An saya mata takalmi, asiri. Sai ta kama kunnen mutum da hannu biyu, ta manna baki, ta yi ta fus-fus. Maizarto yana jin ɗumin numfashinta, yana jin ƙanshin sabulun da aka yi mata wanka da shi, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga. Sai ya ce "Iye?" ya zaro ido, ko ya ce "Madalla," ya yi dariya.

Yaro ba wawa ba ne. A hankali yarinyar ta gane cewa in ta kai asirinta wurin Kaka Ƙarami, wato Direban Jirgi, amsa take samu mai kai da ƙafa. Shi zai tambaye ta ƙadangaren jan kai gare shi ko kuwa, ina ya shige, ya gaishe ta ko bai gaishe ta ba. Sai ta fara shigowa shago ta wuce kakanta da "Sannu Kaka," ta zarce can ciki.

Maizarto yana zaune yana kallo, zuciyarsa na tafasa. Kishi ne, ba wani abu ba, kishi tsirara irin wanda dattijo ke jin kunyar faɗa. Jikar wa? Wa ya yi mata gado? Shi wancan yana da jikokinsa har huɗu, ba su ishe shi ba sai ya haɗa da tasa ɗaya tilo? Ya dubi kunnuwan ƙanensa, ƙanana, har da gashi a bakinsu, kunnuwan da ba su taɓa gane dakushin zarto ba, ya ji kamar ya je ya murɗe su. Ya fara tsangwamarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yau fensir, gobe wai ya bar guduma a ƙasa.

Akwai wata 'yar kyanwa da ke kwana ƙarƙashin teburin aiki, Jikalle ta ce tata ce, har madara take ɓoyo mata. Wata yamma yarinyar ta shigo, ta leƙa ƙarƙashin teburin, ta daɗe. Da ta fito ba ta nufi Kaka Ƙarami ba, wurin kakanta ta zo da gudu, ta hau cinyarsa, ta kama kunnensa. Daɗi ya kashe tsohon. Ya saci kallon ƙanensa don ya tabbata yana gani. Tana gama raɗar ya kwashe da dariya ya ce, "Madalla! Madalla, 'yar albarka!"

Yarinyar ta ja baya ta dube shi. Sai a lokacin ya ga idonta cike da hawaye. Ta zame daga cinyarsa, ta je ta cusa kai a rigar Kaka Ƙarami, kafaɗunta na rawa. Direban Jirgi ya shafa kanta, ya ɗago ya dubi yayansa, ya faɗa da ƙarfi, a hankali, yadda leɓensa zai karantu: "Yaya, kyanwarta ce ta mutu."

Kwana huɗu Jikalle ba ta ko gaishe da kakanta ba. Mai hankali da kansa zai yi fushi, amma kishi bai san hanyar gida ba, sai Maizarto ya ɗora laifin a kan abin da ke rataye a ƙusa. Rana ta biyar ya riga kowa zuwa shago, ya zare marufin kunnen ƙanensa, ya tura shi can ƙasan buhun garin katako, dattijo mai furfura yana waige-waige kamar ɓarawon kaza.

Direban Jirgi ya zo ya ga ƙusa wayam. Ya duba nan, ya duba can, ya dubi yayansa sau ɗaya. Ya ɗauki takardar goge katako ya fita waje ya zauna a inuwa, ya ce shi yau aikin hannu zai yi. Ga shi kuwa akwai ƙofofi goma sha biyu da za a kai washegari. Ɗan Maizarto ya ce, "Ba komai, Baffa, ni zan tsaya a kan injin." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, yaron bai taɓa sa komai a kunnensa ba, don tun yana ƙarami yake jin ubansa na cewa kafinta da kunne yake aiki. Daga safe har la'asar yana tsaye injin na kururuwa a gabansa.

Da yamma aka kawo Jikalle. Ta wuce kakanta kamar ba ta gan shi ba, ta ruga wurin babanta, ta ja shi ƙasa, ta kama kunnensa. Maizarto yana kallon fuskar ɗansa. Ya ga ya yamutsa goshi, ya sa yatsa ya girgiza kunnen, ya juyo mata da ɗayan. Sannan ya ga leɓensa sun motsa, kuma bai buƙaci kunne ba don ya gane abin da suka ce, saboda kalmar tasa ce.

"Madalla," in ji yaron, ya yi 'yar dariya.

Tsohon ya juya ya dubi ƙusar da ke wayam a bango.

Washegari ya tasa ɗansa gaba zuwa shagon masu sayar da kayan aiki. Mai shagon ya zube musu kayan kare kunne kala-kala a kan kanta, yana shirin bayani, Maizarto ya ɗaga masa hannu. Ashe shekara ashirin da ya yi yana dariya, yana kuma kallo. Ya ture na roba mai igiya, ya ce wannan allura ne. Ya ture soso, ya ce hannun kafinta ba ya tsabta. Ya ɗauki masu kama da kofi ɗaya bayan ɗaya, yana auna nauyinsu a tafin hannu, yana danna bakinsu da babban yatsa.

"Sa wannan. Girgiza kai. Sunkuya kamar za ka ɗauki katako. Ya zame?"

"Bai zame ba, Baba."

"Yana matsa maka nan, bayan kunne? Kada ka yi mini kara. Wanda ya dame ka, kwana uku za ka rataye shi ka manta."

"Baba, ba kai ka ce kafinta da kunne..."

"Na ce. Sa wancan kuma mu gani."

Mai shagon ya matso ya ɗaga murya, don ya riga ya gane da wa yake magana. Ya ce ko da shi a kai yaron zai ji sauyin kukan inji, kuma in an yi masa magana da ƙarfi a kusa zai ji, ƙara kawai yake ragewa, ba kurma yake mai da mutum ba. Maizarto ya yi kamar bai ji ba, wannan karon da gangan.

Da suka koma ya tono na ƙanensa daga buhu, ya kakkaɓe, ya hure, ya mayar a ƙusa. Ya buga wata ƙusar a gefe. Direban Jirgi ya shigo, ya ga abinsa da garin katako maƙale a rigar, ya ce, "Oho, ashe ɓera ya dawo da shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Da yamma Jikalle ta shigo. Ta tsaya a tsakiyar shago tana duban tsofaffin biyu, bakinta a kumbure da labari. Har ta juya za ta yi ciki, Maizarto ya kira ta. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa mai ɗakinsa ba, balle ƙanensa.

"Jikalle, kunnen Kaka ya lalace. Ba na jin raɗa. Ranar nan ban ji abin da kika ce ba, shi ya sa na yi dariya. In kina da magana, sai kin faɗa da ƙarfi."

Ta yi nazarinsa. "To ai asiri ne," ta ce, yana bin leɓenta. "In na faɗa da ƙarfi Kaka Ƙarami zai ji."

Tsohon ya waiwaya. Sai ya ga ƙanensa ya ajiye fensir, ya miƙa hannu ga ƙusa, ya ɗauko marufin kunnen ya kifa a kai, alhali duk injuna a kashe suke. Ya juya musu baya, ya sunkuya a kan wani katako yana awo.

Yarinyar ta leƙa ta tabbatar. Sannan ta kama kunnen kakanta da hannu biyu, ta cika ƙirji da iska, ta kwarara ihun da har tattabarun kan rufi suka tashi.

"Haƙorina yana girgiɗi! Ban gaya wa kowa ba!"

Ya ji. Kalma bayan kalma, ya ji.

"Wanne? Na sama ko na ƙasa? Buɗe mu gani." Ta buɗe, ya taɓa da yatsa. "Har Kaka Ƙarami ba ki gaya masa ba?"

"Har shi!"

Maizarto ya ɗaga ido. Bai manta abin da mai shagon ya faɗa ba, ya san ihun nan ya ratsa marufin kamar ba a sa ba. Direban Jirgi yana nan a sunkuye, yana auna katako ɗaya karo na uku, ko gezau bai yi ba. Tsohon ya rungume jikarsa yana hararar bayan ƙanensa, idonsa na zubar da ruwa, yana cewa a ransa, wannan ɗan banzan, har a kirki ma sai da ya fi ni.