Makunnin da direbana ya ɓoye mani

Kullum da safe sai Malam Sani, direbana, ya cusa hannu ƙarƙashin sitiyari yana motsa baki, sannan tsohuwar a-kori-kurata mai shan dizal ta tashi. Ni in na murza makulli, ko tari ba ta yi.

Zamanin da arzikin man fetur ya ɓarke ne, muna Ƙofar Kwaya. Na ce lallai asiri ya yi mata. Rannan na ritsa shi.

"Malam, mi ka ɓoye nan?"

"Makunnin hita ne, Alhaji, mai ɗumama injin kafin ya tashi. Na asalin ya mutu, na ja waya na sa wani. In na danna na karanta Fatiha, injin ya ɗumama."

"Mi ya hana ka faɗa mani?"

"In ka iya tada ta, ina amfanina?"

Jama'a, dabara ce wannan ko cin amana?