Basillar Babana da Daron Roba

Jikata ce ta tono mini wannan zance. Ta zo hutu, ta zauna kusa da ni tana latse-latsen waya, sai ta tuntsire da dariya ta miƙo mini. "Tsoho, ga 'yan'uwanka an kai su gidan tarihi." Na karɓa na nisanta ta da idona. Wai wani gida ne a ƙasar Turawa da aka tara kayan roba zalla, bokitai da kofuna da matajai da kwanduna, kowanne an sa shi cikin gilashi an kunna masa fitila, an rubuta shekarar da aka ƙera shi. Na sa ta yi ta nuna mini har hotunan suka ƙare. Dukkansu lafiyayyu, ko ƙwarzane babu. Na ce, "Amarya, waɗannan ai ba su taɓa aiki ba. Ina masu tabo?" Ta ce to wa zai kai fasasshiyar roba gidan tarihi? Raina ya ɓaci fiye da yadda maganar ta cancanta, kuma ɓacin ran nan ne ya zaunar da ni rubutu.

Ni gyartai ne, ɗan gyartai, jikan gyartai. Na san yadda mutane ke faɗin kalmar suna ɗan taɓe baki, ban kuma taɓa damuwa ba. Idan ƙwarya ta tsage mu ake kawo wa. Ka gasa basilla a wuta, ka huda ƙananan ramuka gefe da gefen tsagar, ka ɗinke da siririn zaren kaba, ka ja ya ɗame. In an zuba ruwa, ƙwaryar ta sha ta kumbura, zaren ma ya sha ya kumbura, su rungume juna, ko ɗigo ba ya fita. Basillar da nake aiki da ita ta babana ce. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi, kuma akwai ɗan kwarmi inda babban yatsansa ya shekara yana zama, nawa yatsan ya zo ya faɗa ciki daidai.

Kasuwar ƙauyenmu, can tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, ba babba ba ce, itacen kirki ɗaya gare ta, wata tsamiya a bakin gabas. A gindinta kakana ya zauna, babana ya gaje shi, ni ma na gaji babana ina da shekara ashirin da 'yan kai. Ba takarda, ba shaida. Kowa dai ya san tsamiyar gyartai ce, har kwatance ake yi da ita.

Roba ta shigo mana ne a shekarun da aka daina fam da sule aka koma naira. Buta ce ta fara zuwa, sai takalma, sai daro da bokiti. Ta kuwa zo a kan gaɓa, domin shekarun fari ne, duma bai yi ba, ƙwarya ta yi wuya. Mata suka ga abu ja da shuɗi da kore, mara nauyi, yaro ya yar bai fashe ba. Ban ga laifinsu ba. Sai dai a da nakan wuni ban ɗaga kai ba, yanzu kuwa sai in kai azahar ina korar ƙuda.

Mai kawo robar sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki. Ɗan koli ne mai tallan allura da madubi a faranti, sai ya gano hanyar Kano, ya riƙa saro kaya daga masana'antu, motar Gumel ta sauke masa, ya ɗaure a keke ya ƙaraso. Kafin ka ce me har ya je Makka ya dawo, muka koma ce masa Alhaji. Yana da wani wasa da yake yi wa mata. Sai ya ɗaga daro ya maka da ƙasa, ya kife shi ya hau ya tsaya yana kirari: "Ba ta fashewa, ba ta tsatsa, ba ruwanki da gyartai!" Da gangan yake juyowa wajena in zai faɗi na ƙarshen. Abin da ba ya faɗa shi ne rana na cin roba. In ta daɗe a fili sai launinta ya koɗe, jikinta ya bushe. Shi ya sa idonsa ke kan inuwata.

Wata ranar kasuwa, wata tsohuwa mai sayar da koko ta zo ta dire mini shuɗin daro. Ya tsage daga baki har kusan gindi.

"Ɗan nan, duba mini. A wurin wancan na saya, na mayar masa ya ce wai ba a gyarawa, in sayi sabo. Sabo da me? Da haƙorana?"

Na juya daron, na ƙwanƙwasa shi. Tsaga dai tsaga ce, na ce a raina. Na ce, "Inna, zauna ki huta, yanzu za ki tafi da abinki." Na faɗa da ƙarfi yadda Alhaji zai ji.

Basilla ta shige robar nan kamar an soka ta a man shanu, har na ji daɗi. Na huda ramuka talatin da wani abu, na jera ɗinki irin wanda ban taɓa yi wa wata ƙwarya ba, don na ga mutane sun fara taruwa. Da na gama na ɗaga shi sama kowa ya gani. Na sa aka kawo tulun ruwa, ni da kaina na tuttula.

Ta kowane rami ruwa ya tsinke. Talatin da wani abu, kowanne da nasa zirin, har kan ƙafafuna. Na ce a dakata, zai sha ya kumbura. Aka dakata. Daron ya tsiyaye tas ina riƙe da shi. Sai a lokacin abin da ya kamata in sani tun farko ya faɗo mini: roba ba ta shan ruwa. Wani mahauci ya ce, "Inna, kin kawo daro an ba ki rariya!" Kasuwa ta ɗauki dariya. Tsohuwar ba ta yi dariya ba, ta dai dube ni ta ce, "Da tsaga ɗaya na zo." Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma na ji haushi, mafi yawansa na kaina.

Alhaji bai bari ta huce ba. Kafin la'asar sai ga shi da sarkin kasuwa, dattijo mai magana a hankali, wanda ya san babana.

Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ya gani. Ƙwarya ta ƙare, roba kuma ba ta gyaruwa. Mutum ya tare inuwa ba ya aikin komai, kayana suna ƙonewa a rana."

Sarkin kasuwa ya dube ni. "Gyartai, me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, a nan aka yaye ni. Ba inda za ni."

"Ban ce ka tafi ba. Amma wurin nan don sana'a aka ba kakanka, ba don zama ba. In kasuwa ta zagayo daron nan ya riƙe ruwa, ba mai tashinka. In bai riƙe ba, ka matsa wa mai kaya."

Ban ga zalunci a maganarsa ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Na roƙi tsohuwa ta bar mini daron mako guda, na ba ta aron masakin gidanmu ta dama kokonta a ciki.

Kwana biyu ina fama. Na cusa auduga, na shafa ƙaro, na narka kakin zuma na toshe ramukan. Da an zuba ruwan ɗumi sai komai ya saki. A rana ta uku da hantsi ina zaune a tsakar gida na tasa daro a gaba, sai wani wari ya bugi hancina. Matata ce a bakin murhu, ta sa wuƙar yanka kuɓewa a wuta, tana manna maɗaurin takalmin robar 'yarmu da ya tsinke. Ta ɗora wuƙar, wurin ya narke, ta danne da yatsa, ta hura, ta miƙa wa yarinya ta sa ta ruga.

"Tun yaushe kike wannan?"

"Tun da aka fara takalman. Duk matan unguwa haka suke yi, Malam."

"Kina kallona kwana biyu ina wahala ba ki faɗa ba?"

"Ka tambaye ni? Ni na isa in koya wa jikan gyartai gyara?"

Tana faɗa tana danne dariya. Na yi fushi, na fita, na zagaya bayan gida, na dawo na ce ta ba ni wuƙar.

Ba nan take ta yiwu ba. Na yanko guntun tsohon takalmi na narka a kan tsagar, ya sanyaya, na sa farce ya ɓamɓaro. Ashe roba ma dangi-dangi ce, ta takalmi ba ta kama ta daro. Dole sai na nemo roba irin ta jikin daron. Haka na ɗauki buhu, ni magidanci mai 'ya'ya biyu, na shiga jujin bayan kasuwa da rana tsaka ina tonon fasassun bokitai. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya suna kallo, wata ta ce, "Wayyo, abin har ya kai haka?" Na ɗago na ce mata, "Ya kai. In naki ya fashe kin san inda nake." Abin da juji ya nuna mini ya ƙara mini ƙarfi, domin ga ta nan tuli, robar da aka ce ba ta fashewa.

Saura ƙarfen aiki. Wuƙar girki ta yi faɗi, ba ta shiga ƙananan ramukan da na huda da hannuna, ga ta da saurin hucewa. Ina bukatar abu mai kauri, mai ɗan lebur a baki, mai ƙotar da ba za ta ƙona ni ba. Maƙerin garinmu ya ce ba shi da ƙarfen kirki sai an je Maigatari, kasuwarmu kuwa jibi. Na buɗe jakata na zaro basilla na ajiye masa.

Ya ɗauka ya juya ta. "Wannan ai ta marigayi ce."

"Ita ce. Buga mini bakin ya baje."

"In na buga ba ta komawa."

"Na sani. Buga."

Ya sa ta a wuta ya zuga har ta yi ja. Ban kau da kai ba, na tsaya na kalli kowane bugu. Sau shida ya sauke guduma, tsinin da ya ciyar da gidanmu tun kafin a haife ni ya baje. Na karɓa da zafinta na tafi gida.

Na farke ɗinkin nan mai kyau na zubar. Na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya ina cikewa, ciki da waje, sannan na bi tsagar. Hayaƙin ya sa ni tari, yatsuna suka yi bororo. Aikin da ya fito mummuna ne, shuɗi da ɗigon kore da ja, duk kirci-kirci. Babana da ya gani da ya tofar da yawu.

Ranar kasuwa na share busasshen yashi a gindin tsamiya, na dire daron a kai. Na ce ba ni zan zuba ruwan ba, Alhaji zai zuba. Ya cika shi fal har baki, ya ƙara da na butarsa don mugunta. Aka tsaya. Sarkin kasuwa ya ce a bar shi har a idar da azahar. Da aka dawo daga masallaci ya sa aka ɗaga daron, ya durƙusa da kansa ya damƙi yashin ya murza a tafinsa. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu.

"Gyartai, zauna wurinka."

Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ɗauki daronta da ruwan a ciki ta ɗora a ka. Na juya wajen Alhaji na ce, "Ka yi ta sayarwa, Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Duk wadda ka sayar nan za ta dawo." Haka kuwa aka yi, shekara talatin ina liƙin roba a wurin nan, har daga ƙetaren iyaka ake kawo mini.

Amma a ranar, mutane ba su gama watsewa ba, sai ga wata Bafulatana mai tallan nono ta durƙusa a gabana. Ta kwance wani ƙyalle a hankali ta fito da ƙwarya, tsohuwa, mai zane, ta sha mai har ta yi ja. Ta tsage kamar tsawon yatsa. A gefe guda akwai wani tsohon ɗinki, kallo ɗaya na yi masa na gane hannun babana.

"Ta innata ce," in ji ta. "An ce nan ne ake ɗinkewa."

Na zura hannu a jaka, yatsana ya faɗa cikin kwarmin ƙotar yadda ya saba, na zaro. Muka dubi bajajjen bakin ni da ita. Na ce mata ta yi haƙuri, yau ba ni da basilla, ta dawo wata kasuwar. Ta naɗe ƙwaryarta ta tafi. Na sayi sabuwar basilla a Maigatari cikin makon nan, na yi ta ajiyarta a jaka, amma matar ba ta dawo ba.

Ƙarfen babana yana nan a ƙarƙashin gadona. Da na nuna wa jikata, ta ce wallahi irin wannan masu gidan tarihi ke nema. Na ce su riƙe lafiyayyun bokitansu a gilashi. Na karɓe abina daga hannunta na mayar cikin jaka.