Wutar saman da na ɗauko wa Inna

Shekarar da ƙyanda ta shiga unguwarmu a Ƙonni, ina koyarwa a lakwal ɗin Tsarnawa, wato makarantar boko, in tafi da safe in dawo da la'asar. Ina da kamara a lokacin, irin wadda ba a sa mata fim, kana ɗauka kana gani a ɗan gilashin bayanta. Ƙanena direban babbar mota ne ya kawo mini ita daga Kwatano, kuma wallahi na yi tashe da ita. Suna, biki, rabon sakamako a lakwal, sai a aiko yaro: "A ce ma Mushe shi taho da abin hotonshi." Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Sai dai duka da rana ake yin su. Ban taɓa tambayar kaina abin da take iyawa in duhu ya yi ba.

Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Inna. Ba ta isa shiga lakwal ba, amma bakinta ya fi na 'yan ajina duka. Ita ƙyandar ta fi kayarwa. Zazzaɓin ya sauka, ƙurajen suka fara bushewa, muka ce alhamdu lillahi, sai idanu suka ƙi. Ta rufe su gam. Ko ƙyallen ƙofa aka ɗaga sai ta kife fuska a matashi tana ihu. Manjo, babban ma'aikacin likitar unguwarmu, ya ba mu man shafawa, ya ce lallai a samu ta buɗe don a ga halin da suke ciki, amma kada a yi mata da ƙarfi. Mun yi lallashi, mun yi alkawarin alewa, na yi tsawa har na ji kunyar kaina. Uwarta ta daina cin abinci. Tsoronmu ɗaya ne, kuma babu wanda ya yarda ya faɗe shi da baki: kada idanun su tafi.

Ana cikin haka wani babban mai motoci ya tashi aurar da ɗansa. Gari ya ɗauka cewa ya sa an shigo masa da wutar sama daga Najeriya, irin wadda ake harbawa ta fashe da launi, ba 'yan ƙananan da yara ke jefawa a ƙafar mutane ba. Labarin ya shigo har ɗakinmu ta bakin maƙwabta. Inna na kwance, fuska a bango, ta ce, "Baba, ka kai ni."

"Inna, ba ki iya hita, jikinki bai yi ƙwari ba."

"To ka ɗauko min cikin abinka."

Na ce mata, "In na ɗauko, kina buɗe ido ki gani?"

Ta ce, "Ina buɗewa."

Uwarta ta dube ni, na dube ta. Tunda ciwon ya fara, ranar ce ta farko da yarinyar ta ambaci buɗe ido da kanta.

Ranar bikin, bayan isha'i, na nufi filin da ke bayan tasha. Na sayi pil sababbi, wato batir, a teburin da ke bakin hanya, masu arha ɗin nan masu hoton damisa, don su kaɗai suka rage. Filin ya cika maƙil, an ɗauke wuta kamar kullum, sai fitilun masu tsire da na 'yan kabu-kabu. Aka harba ta farko. Mutane suka ɗauki salati, na ɗaga kamara na danna. Sai 'yar banzar ta tsaya tunani! Ta yi zuƙ, ta yi zuƙ, tana neman abin da za ta kalla, sai da sama ta koma baƙa ƙirin sannan ta ce ƙyas, ta watsa farin haskenta. Na duba gilashi: ƙeyar wani mutum mai hula, da kunnensa guda.

Na sake. Ƙeya. Na sake. Rawanin wani, fari fat. Wani dattijo ya juyo ya ce, "Kai Mushe, mi muka yi maka kake kashe muna ido?" Na ba shi haƙuri, raina kuwa kamar in haɗiye kamarar. Na laluba na kashe hasken, na murɗa ta zuwa wurin da aka zana ɗan wata da tauraro, don na ce ai wannan na dare ne. Nan kuma wata sabuwa. In ka danna sai ta daɗe ido buɗe, hannunka na rawa, mutane na tura ka, abin da zai fito wasu jajayen zare ne a murɗe kamar tsutsa. Wa zai kai wa yarinya wannan ya ce mata wutar sama ce?

Ana ta harbawa, kowace ta fi ta baya kyau, ni kaɗai ne a filin nan ban ga ko ɗaya da idona ba. Kaina na sunkuye ina goge baƙaƙen hotuna. Gumi ya jiƙa mini riga. Sai ga alamar pil ta fara ƙiftawa ja, gilashin ya mutu. Na zage ta, na zagi mai teburin, na zagi damisar da ke jikin pil ɗin. Na ciro su na ciccije da haƙori kamar yadda muke yi wa na rediyo, na murza su a tafin hannu, na mayar. Ta farfaɗo. Ban san ko na numfashi nawa ba ne.

Akwai wata babbar mota a fake gefen fili. Na hau ta taya, na ɗora kamarar bisa kan motar, na tokare ta da hulata tana kallon sama. Yaran mota na zaune a kai suna rawa da ƙafa, na roƙe su don girman Allah su natsu, na ce ɗiyata ce ba lafiya. Suka natsu kuwa, Allah ya saka musu. A nan na lura wutar tana yin fito kafin ta fashe. Da na ji fiton na gaba, na danna tun ba a ga komai ba, na janye hannu, na riƙe numfashi.

Ta fito. Ja ce, tsakiyarta rawaya, ta bazu kamar an watsa barkono a baƙin faranti. Guda ɗaya tak, amma tsaf, ko'ina ya fito. Na kashe kamarar nan take don in tattala abin da ya rage, na diro, ban ma tsaya ganin ƙarshen wasan ba. Gudu na yi har gida, malamin lakwal guda da gemunsa, hula a hannu.

Na tarar ba ta yi barci ba, ta ji ƙarar tun daga gado tana ƙirgawa. Uwarta ta rage fitila, ta tashe ta zaune, ta jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi ta goge mata fatar idon a hankali har ta saki. Na durƙusa gabanta, na kunna kamarar, na nemo hoton. Hasken gilashin ya sauka a fuskarta, har ina ganin jan a kumatunta.

"To Inna, ga ta. Buɗe."

Ta buɗe. A hankali, tana yamutsa fuska, amma ta buɗe duka biyun. Wani farin abu ya lulluɓe baƙin idon, kamar fatar da ke kwanciya a kan madara. Uwarta ta toshe bakinta da gefen zane. Ni kuwa na ƙara matso da gilashin, har ya kusa taɓa mata hanci, kamar nisa ne matsalar.

Ta miƙo hannu ta laluba, ta kama wuyan hannuna, ta kama kamarar. Tana murmushi, tana jira.

"Baba, kunna mana."

Na dubi gilashin. Jar wutar nan na gabanta, wadda na hau mota na ciji pil saboda ita, tana haske a ɗakin fiye da fitila. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ne irin na wannan lokaci ba. Da akwai wanda zan roƙa a cikin ɗakin, da na kwanta ƙasa na roƙe shi.

"Baba?"

Na sa yatsa na kashe kamarar.

"Pil ne ya ƙare, Inna," na ce. "Gobe in na sayo sababbi."

Ta ce to. Ta koma ta kwanta, idanunta a buɗe, ta ce kada in sake sayen masu arha.